Ƙafar da Ke Taka Birki

Na gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan jinya da rai, kuma da ƙafa. Sunana Hadiza, amma a unguwarmu ta Wambai a Suleja Dije mai ɗinki aka fi sani. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, tun da maigidana ya miƙe, duk macen da ta kawo min ɗinki sai ta rage murya ta ce, "Wai ni Dije, da gaske suga ne?" Na gaji da ba da amsa da allura a baki. To ga shi a rubuce, da gaske suga ne, kuma da yardar mai jikin nake faɗa.

Maigidan nawa, Baban Walida, direba ne. Da ƙaramar motarsa yake jigila tsakanin Suleja da Abuja, ya kwashi ma'aikata da sassafe, ya dawo da su da yamma. Da ƙafarsa ta dama, wadda ke taka totur da birki, muke ci, da ita yaranmu ke makaranta. Karin kumallonsa a teburin mai shayin tasha yake yi: shayi mai kauri wanda ya sha suga har cokali na neman tsayawa a ciki, da biredi, da wainar ƙwai. In gosulo ya riƙe su a hanya, ya miƙa hannu ta taga ya karɓi lemon kwalba mai sanyi. In ya dawo na ajiye masa tuwon shinkafa malmala biyu, ya tashi da su, ya kwanta. Iyakar tafiyar da yake yi da ƙafa ita ce daga mota zuwa masallaci. Da tumbi ya fito, dangi suka ce Dije ta iya kiwo, ni kuma ina jin daɗi har da gyara ɗaurin ɗankwali.

Akwai ƙaramin asibiti a unguwarmu inda muke kai yara rigakafi. Mai kula da shi Sista Rifkatu ce, 'yar Gbagyi, doguwa, mai yawan dariya, amma ba a tsallake maganarta. Duk ranar Laraba kafin ta karɓi katin kowa sai ta tsayar da mu ta yi mana lacca. Tana da wani farantin roba da take ɗagawa: nan ganye, nan wake ko kifi, wannan ɗan lungun kawai na tuwo. Ta ce a rage suga a shayi da koko, a bar lemon kwalba sai ranar suna, a riƙa taka ƙasa kullum har jiki ya yi gumi. Mu kuwa muna ta zumɓura baki, kowace ta bar wanki a gida. Kullum da magana ɗaya take rufewa: "Abeg ku kawo min mazajenku. Na gaji da yi wa masu dafawa wa'azi, masu ci suna waje."

Wata Laraba ruwa ya tsare ni a can, Baban Walida ya biyo ya ɗauke ni. Yana leƙowa Sista ta cafke shi, ta soki ɗan yatsansa, ta duba 'yar na'urarta.

"Oga, ba ka faɗa ba tukuna, amma kana bakin rijiya," in ji ta. "A nan ake juyawa. Ka dawo gobe kafin ka sa komai a baki mu sake dubawa."

Ya yi dariya ya ce, "Sista, ai yanzu na sha shayi."

Muna shiga mota ya ce min, "Wannan laccar ta mata ce. Ni da nake tuƙa mota cike da mutane, wata za ta auna min tuwo?" Bai koma ba. Na yi magana sau biyu, na ga ana neman faɗa, na bar ta.

Damina uku aka yi bayan nan kafin ciwon ya nuna kansa. Ƙishirwa ce ta fara. Mutum ya sha ruwan leda ya jefar, ya fasa wani. Sai fitsari, dare da rana. Har fasinjoji suka fara yi masa ƙorafi, domin kusan kullum in sun kai wajen Dutsen Zuma sai ya gangara gefen titi ya ce a yi masa haƙuri. Sai tumbin nan da ake yaba min a kai ya fara zubewa, wanduna suka yi masa yawa, ni da kaina na rage su a keke. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifod, kamar yadda yake ce wa duk wanda ya shigo da ƙafarsa. Aka sha ƙwayoyi, aka yi allurai, babu abin da ya canza sai aljihu.

A nan Yaya Asabe ta shigo. Ita ce babbar yayarsa, a Tafa take aure, kuma ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Har yau Auta take ce masa, shi kuwa ko yana kan waya da ita sai ya gyara zama. Ta zo ta ja masa fatar ido, ta duba tafin hannunsa, ta yanke hukunci: "Jininsa ne ya ƙone. Zafin inji ne." Maganin ƙarancin jini kuwa a wajenmu kowa ya san shi, malt da madarar gwangwani. Mai jego shi ake ba ta, wanda aka yi wa aiki shi ake ba shi, wanda ya rame shi ake ba shi. Kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana, in dai kana da mutunci sai ka riƙo ko da kwalba biyu ne a leda. Yaya ta juye malt a kwanon sha, ta huda gwangwani ta tsiyaye, ta gauraya, ta zauna a gabansa har ya ga ƙasan kwanon. Ta ce min safe da yamma.

Bayan ƙaramar Sallah na ga jini a safarsa ta dama. Na ce me ya same ka, ya ce bai sani ba. Sabon takalmin Sallah ne ya ci masa gindin babban yatsa, har wurin ya fashe, shi kuwa bai ji komai ba. Wannan ne ya fara ba ni tsoro, mutum da rami a ƙafa yana tambayata wai ina. Muka sa man zafi, muka gasa da ruwan ɗumi, wani abokinsa ya kawo garin magani. Cikin mako biyu ƙafar ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Babban asibiti kuwa, Allah ya saka wa masu aikin cikinsa, amma Allah ya raba bawa da zuwa. Mun fita bayan asuba muna ganin mun yi sammako, muka tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Daga kati a tura ka biyan kuɗi, daga biyan kuɗi a ce mai rasit ya fita, daga nan a ce gwajin sai a waje. Ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Wata matashiya ce, ga alama ita ma ko karyawa ba ta yi ba, amma ta buɗe ƙafar da hannunta ba ta yamutsa fuska ba. Da sakamako ya fito ta faɗi maganar da har yau nake jin ta: "Baba, ciwon nan ba a ƙafa yake ba, a jini yake. Ƙafar ƙara kawai ta kawo." Aka ba shi gado, aka fara ƙarin ruwa da allurar suga.

A kan gadon nan ya kira ni kusa, ya ce, "Dije, ki yi min alkawari. Duk wanda ya tambaya, ƙusa na taka."

Na ce, "Don me? Ai ba abin kunya ka yi ba."

Ya ce, "Kin manta direban da ya yanke jiki ya faɗi a tasha bara? Tun da aka ji suga ne aka hana shi lodi. Kuma kin san abin da ake faɗa a majalisa a kan namijin da ya kamu da wannan ciwo. Ko Yaya kada ta ji, ba ta iya riƙe magana ba."

Mutum yana kwance da ruwa a hannu, ina ni ina musu da shi? Na ce na yi. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mako biyu muka yi aka sallamo mu, aka ce a riƙa wankin ciwo kullum a ƙaramin asibiti. Muka koma hannun Sista Rifkatu. Na zaci za ta ce ba ga shi ba, amma ko da wasa ba ta tayar da tsohuwar magana ba. Ta koya min yi masa allura a ciki, ta nuna min yadda zan ajiye kwalbar maganin a 'yar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, tun da wutarmu sai an ga dama. Na koma dafa wake, da faten acca, da kwaɗon zogale, tuwo ya koma ɗan dunƙule. Mota na fake a ƙofar gida tana shan rana. Kuɗin magani kuwa duk zuwan da zan yi sai na tarar ya ƙaru, kamar ana ba shi taki. Adashina ya tafi, awakina biyu suka bi shi.

To amma fa an ji Baban Walida ya taka ƙusa, kuma ya rame. Sai dubiya ta ɓalle. Direbobin tasha, maƙwabta, 'yan masallaci, matan da nake yi wa ɗinki, kowa da ledarsa. "Sannu, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne. Ga wannan a ƙara jini." Kusurwar ɗakinmu ta koma kamar shagon lemo. Na sauran mutane da sauƙi, sai na karɓa na yi godiya na tura ƙarƙashin gado. Abokansa ne matsala, don su a nan za su ɓalle murfi su ce, "Oga sha mana, ka ga yadda ka koma?" Ya kurɓa don kada a gane. Ita kuwa Yaya ba a yi mata kurɓa. Talata da Juma'a take hawo mota daga Tafa da kwanonta a jaka, ta haɗa, ta zauna. Ina tsaye a bakin ƙofa ina yi masa ido, shi yana kallon bango yana haɗiya. In ta tafi na yi faɗa, ya ce, "To ya kike so na yi? Na mayar wa Yaya hannu?"

Ciwo ya ƙi rufewa. Yau ya yi kamar zai kame, jibi ya dawo ɗanye. Wata safiya Sista ta gama wanki, ta ja ni waje.

"Madam, akwai abin da ke shiga cikin mutumin nan da ba ki faɗa min ba. Lambar sugansa tana sauka, sai kuma ta yi tsalle. Me ake ba shi?"

Na faɗa mata. Ta dafe kai ta ce, "Kai, wannan dubiyar! Kin san marasa lafiya nawa ta kwantar min? Ni ba zan iya faɗa wa danginsa ba, ba hurumina ba ne. Amma yatsan nan ya fara baƙi. Ku koma babban asibiti yau, ba gobe ba."

Suka cire babban yatsan. Da aka fito da shi na ga ƙafar naɗe da bandeji, ta yi wani gajarta ta gefe ɗaya, sai da na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska. Likitar nan ta same mu da yamma, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta aza hannu a ƙasan gwiwarsa ta ce, "In sugan bai sauka ya zauna ba, karo na gaba daga nan za mu yanke." Na kalli inda hannunta yake. Ba yatsa ake magana ba yanzu, mota ake magana, da makarantar Walida, da mutumin da ban taɓa ganin ya wuni a gida ba sai da ciwo.

Mun dawo gida ranar Alhamis, Juma'a sai ga Yaya. Wannan karon katan guda aka shigo mata da shi. Ta ce, "An yi masa aiki, ya zubar da jini, yanzu ne ma yake buƙata." Ta zauna a tabarma, ta fito da kwanon, ta juye, ta huda gwangwani. Ina jin ƙarar cokali a kwanon nan kamar a cikin kaina. Ta miƙa masa. Na ga ya miƙo hannu, wallahi ya miƙo.

Ban san lokacin da na durƙusa a tsakaninsu na riƙe kwanon ba.

"Yaya, ki gafarce ni. Ba zai sha ba."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Dije, lafiyarki? Ni za ki hana na ba ƙanena abu?"

Baban Walida ya ce, "Dije." Sau ɗaya ya faɗa, amma na san me yake nufi.

Na ce, "Ka yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya, ba ƙusa ya taka ba. Ciwon suga gare shi. Wannan abin da ke cikin kwanon shi ke hana ciwon warkewa. Likita ta ce in aka ci gaba, daga gwiwa za su yanke."

Na jira zagi, don Yaya ba ta da kyau in ta fusata. Sai ta saki kwanon a hannuna, ta juya wajen ƙanenta.

"Auta, gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kana kallona ina hawo mota daga Tafa ina ɗura maka, ba ka ce komai ba?"

Ya ce, "Yaya, kunya na ji."

Hawaye suka fara bin fuskar Yaya. Can ta ce, "Haka Inna ta yi. Ta rame, ta yi ta shan ruwa, ido ya tafi. Aka ce sammu ne. Ni na yi jinyarta, kuma abin da na riƙa ba ta ke nan." Ta tashi, ta karɓi kwanon daga hannuna, ta fita tsakar gida ta tuttular a makwarara.

Baban Walida ya ɗauke min wuta. Kwana da kwanaki daga "to" sai "a'a". Na yi masa allura yana kallon rufi, na ajiye abinci ya ci bai ce sannu ba. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, domin ni ma mutum ce, kuma ni nake kwana a zaune. Amma da na zauna da gurgu mai yi min fara'a, gara na zauna da mai ƙafa yana fushi.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru, Yaya ba ta iya riƙe magana ba. Ta tare a gidanmu, ta shimfiɗa tabarma a zaure ta zama ɗan sanda. Duk wanda ya shigo da leda sai ta buɗe. "Malt ne? Allah ya yi albarka, mayar. Auta suga gare shi. In kana son lada kawo gauta, ko kifi, ko ka zo da addu'arka kawai." Kafin mako ya zagayo babu wanda bai ji ba daga Wambai har tasha. Ranar Laraba ta ce na raka ta wajen Sista, ba ta karya ba. Aka duba, ita ma tana bakin rijiyar. Ta ce, "To ni zan juya." Yanzu in ta zo daga Tafa tun daga bakin titi take sauka ta ƙaraso da ƙafa, tana tafe tana yi wa masu acaɓa faɗa.

Daga nan ciwo ya fara ja da baya. Ba da sauri ba, sai da muka ci watanni muna zirga-zirgar wanki, amma nama ya riƙa cikowa, wari ya ɗauke, lamba ta sauka ta zauna. Sista ta sa ya fara takawa a tsakar gida, sannan zuwa masallaci, sannan zagayen unguwa bayan la'asar. Ta ce duk dare na duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, tun da shi ba ya ji. Har yau ina yi, kuma zan yi ta yi, domin wannan ciwo ba a sallamarsa, lallaɓa shi ake yi.

Don haka 'yan uwa, ga abin da nake roƙo. In za ku dubiya ku tambayi mai jinya me ake so, ba raini ba ne. In a ƙaramin asibiti aka ce muku kuna bakin rijiya, ku gode wa Allah, domin wannan maganar ita ce mafi arhar maganin da za a taɓa ba ku. Mu an ba mu ita kyauta wata Laraba ana ruwa, muka bar ta a nan.

Da likita ta yarda maigidana ya koma tuƙi, Ciyaman ɗin tasha ya ce ya kawo takardar asibiti, ya kawo, aka mayar da shi layi. Sai Sista ta roƙi Baban Walida abu ɗaya: tun da maza sun ƙi zuwa wajenta, ya nema mata izini ta je wajensu. Ya yi ta ja, daga baya ya yarda. Ranar na je kai masa abinci, don yanzu daga gida yake ci, sai na tarar da ita tsaye gefen teburin mai shayi da farantin robarta. Direbobi na ta tsokana. Wani ya ce, "Sista, mu ba awo muka zo ba." Wani ya ce yana da lodi. Mai shayi ma ya haɗe rai, yana ganin an zo kashe masa kasuwa. Suka fara watsewa.

Sai Baban Walida ya matso. Ya zauna a benci, ya kwance takalminsa na dama, ya zare safa, ya ɗora ƙafar a kan bencin. Mutumin da a gida ma sai ya juya baya yake canza safa. Dariya ta ɗauke.

Ya ce, "Ni ma na ce laccar mata ce."

Wanda ya yi maganar awo shi ya fara miƙa wa Sista yatsa ta gwada. Kafin a kira azahar layi ya kai wajen masu faci, har da Ciyaman a ciki yana ta gyaran murya. Gani ya kori ji.

Da aka tashi ya ce na shigo ya sauke ni gida. Na zauna a gaba. Tun ranar kwanon nan bai taɓa tayar min da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Muna tafe ina satar kallon ƙafar tana tashi daga totur ta koma birki, ta dawo, kamar ba abin da ya taɓa samunta. A mahaɗar shiga unguwarmu wata akuya ta gifta, ya taka birki, mota ta tsaya cak. Bai kalle ni ba, idonsa na kan titi, ya ce:

"Dije, da kin riƙe min alkawarin nan, da yau a kujerarki nake zaune."

Na ce, "Akuyar ta wuce, Malam. Mu je."